Gwajin da ke wucewa da rana, ya faɗi da dare

Shirin yau na masu gina manhajar yanar gizo da Ruby on Rails ne, amma ko da wani yaren kake aiki kar ka wuce, ciwon iri ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. Ka rubuta gwaje-gwajenka da RSpec, ka kunna su a kwamfutarka, komai kore shar. Ka tura aikin GitHub, sai sabar da ke gudanar da gwajin ta dawo maka da ja guda ɗaya. Ka danna a sake, ya wuce, alhali ko layi ɗaya ba ka taɓa ba. Yawancinmu a nan muke cewa alhamdulillahi, mu ci gaba da harkarmu.

Ni ma haka na yi ta yi a wani aiki na manhajar saye da sayarwa. Akwai wani gwajin rasit da ke faɗuwa jefi-jefi, har muka sa masa suna "mai aljanu". Sai da wani ɗan kasuwa ya kira yana faɗa, wai cinikin da aka yi masa bayan sha biyun dare yana fitowa da kwanan watan jiya, lissafinsa ya ƙi daidaita. Ashe gwajin nan gaskiya yake faɗa mana tun farko.

Me ya faru? A Rails mun saita lokaci a kan agogon Najeriya, wanda ke gaban UTC da awa ɗaya, ita kuwa sabar a kan UTC take. A wani wuri an rubuta Date.today, wanda agogon na'ura yake dubawa. A wani wurin kuma Date.current, wanda ke bin saitin Rails. Awa 23 a rana bakinsu ɗaya. Amma daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya, ɗaya na cewa yau, ɗaya na cewa jiya. Mu kuma 'yan aikin dare ne, shi ya sa muke cin karo da shi. Mun mayar da komai Date.current, sannan muka sa travel_to a gwajin, muka tsayar da agogo a sha biyu da rabi na dare da gangan. Yanzu in matsalar ta dawo, kullum zai faɗi, ba sai an yi sa'a ba.

To, ba kowane lokaci ne agogo ba. Wani sa'in jerin gwaje-gwajen ne. In ka saita RSpec ya riƙa cakuɗa su, a ƙarshe zai rubuta maka wata lamba bayan kalmar seed. Kar ka yi wasa da lambar nan. Kwafo ta daga sabar, ka rubuta rspec --seed da lambar, za su gudana a jeri iri ɗaya da wanda ya faɗi. In ya faɗi a wajenka ma, ƙara --bisect. Shi zai yi ta raba gwaje-gwajen gida biyu yana zubar da waɗanda ba ruwansu, har ya bar maka 'yan kaɗan da ke rigimar. Galibi za ka tarar wani gwaji ne ya bar datti: bayanan da aka ƙirƙira cikin before(:all), waɗanda ba a goge su kai tsaye bayan kowane gwaji, ko wani saiti da aka canza ba a mayar ba.

Sai Capybara, mai danna maɓallai a burauza kamar mutum. Shi yana da haƙuri, amma na daƙiƙa 2 ne in ba ka canza ba. In ka rubuta expect(page).to have_content, zai yi ta leƙawa har rubutun ya fito ko lokacin ya ƙare. In kuwa ka ɗauko page.text ka gwada da include, sau ɗaya zai duba. A kwamfutarka mai sauri JavaScript ya riga ya gama, a sabar da aiki ya yi wa yawa kuwa bai gama ba. Kuma don Allah a daina zuba sleep 5 ko'ina. Gwaji 100 masu irin wannan sun cinye maka sama da minti 8 a banza, kuma ranar da sabar ta yi nauyi sosai zai sake faɗuwa.

Ƙaramin abu ɗaya kafin mu tashi: PostgreSQL bai yi maka alkawarin jera sakamako ba in ba ka sa order ba. In jerin bai dame ka ba, gwada da match_array maimakon eq.

Wanda ke da nasa "mai aljanun", ya turo mana saƙon kuskuren da lambar seed ɗin, mu duba tare a shiri na gaba. Sai mun haɗu.