Allurar taimosin: mene ne ita, kuma wa ya kamata a yi wa?

Jama'ar sansani, tambaya ta yawaita a ofishin kariya game da wata allura da ake tallarta a waya da sunan ƙarin garkuwar jiki. Sunanta taimosin alfa 1, a kwali kuma akan rubuta Zadaxin. Allurar ba ƙarya ba ce, magani ne da likitoci ke amfani da shi a wasu ƙasashe. Amma aikinta ba shi ne abin da masu talla ke faɗa ba.

Mu fara daga inda aka samo ta. A ƙirjin kowane mutum, bayan ƙashin tsakiya, a saman zuciya, akwai wani ɗan nama mai laushi da likitoci ke kira taimos. Mahautan cikinmu sun san shi ko ba su san sunan ba, domin ana ganinsa a wuya da ƙirjin ɗan maraƙi, amma a tsohon sa da ƙyar a same shi. Haka yake ga ɗan Adam. Yana aiki sosai a ƙuruciya, bayan balaga sai ya riƙa ƙanƙancewa, kitse ya maye gurbinsa. A cikinsa ne wasu fararen ƙwayoyin jini ke girma su koyi bambanta jikin mai su da baƙuwar cuta. Waɗanda suka kasa koyo a nan suke mutuwa, ba sa shiga jini.

A shekarar 1977 wani masani a Amurka, Allan Goldstein, da abokan aikinsa suka ware wani ƙaramin sinadari daga taimos na maraƙi. Ɗan guntun furotin ne mai tubala 28 jere da juna. Wanda ake sayarwa yanzu a masana'anta ake haɗa shi, ba daga dabba ake cirowa ba. Ba ya kashe ƙwayar cuta da kansa, sai dai ya zaburar da fararen ƙwayoyin jinin nan. Ƙasashe fiye da 30 sun amince da shi, musamman don ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jiki, kuma an fi amfani da shi a ƙasar Sin. Hukumar magunguna ta Amurka kuwa ba ta ba da izinin sayar da shi ba. Inda ake ba da shi, miligiram 1.6 ake yi a ƙarƙashin fata, sau biyu a mako, har wata shida ko fiye, likita na bin jinin mai haƙuri da gwaji. Mai cewa allura ɗaya ta isa, to wannan ba magani yake sayarwa ba.

An kuma gwada shi a kan masu tsananin gubar jini. A wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Sin, wanda aka wallafa a 2025, an raba marasa lafiya sama da 1,000 gida biyu, wasu aka ba su maganin, wasu ba a ba su ba. Yawan waɗanda suka rasu cikin kwana 28 kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Mun san dalilin da ya sa maganar ke shiga kunne. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Yammacin Afirka, mutum kuma kan yi shekaru da shi ba alama. Sai dai maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba ƙwaya ce ta sha sau ɗaya a rana, tenofobir ko entekabir, kuma ba kowane mai cutar ne ke bukatar fara sha nan take ba. Gwajin jini ne ke nunawa. Sakamakon gwajin sirrin mai shi ne, kuma ba ya hana kowa rabon abinci ko taimako.

Abin da ya fi damun mu shi ne hannun da zai yi allurar. Maganin na bukatar firiji. Kwalbar da ta yini cikin jakar mai yawo a ranar nan tamu, ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikinta. Sirinji ɗaya da aka yi wa mutum biyu kuwa, shi da kansa ke ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wani zuwa wani. Ga kuma hatsin yara da za a sayar don a biya.

Iyaye mata, ga abin da ya shafi 'ya'yanku kai tsaye. Tamowa na sa taimos na yaro ya motse, idan ya samu abinci kuma ya sake farfaɗowa. Saboda haka abincin tamowa da ake ba yaro a asibiti nasa ne shi kaɗai, kada a raba shi da yayyensa, kada a kai kasuwa. Ƙyanda ma tana raunana garkuwar yaro na dogon lokaci bayan ya warke, rigakafinta kuma kyauta ne. Jariri ana so ya samu rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, sannan a mako na 6, na 10 da na 14.

Wanda idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko yake da mai ciwon hanta a gida, ya zo asibitin sansani da katinsa. Duk wanda ya nemi kuɗi ko abinci a hannunku don ya yi muku allura, ku sanar da ofishin kariya. Akwai tafinta mace da namiji, kuma ba za a faɗi sunan wanda ya kawo maganar ba.