Ƙasashen da Ake Noman Inabi

'Yan'uwa, muna yawan jin zancen kurangar inabi cikin Littafi Mai Tsarki, amma kaɗan daga cikinmu suka taɓa ganin gonarta. Inabi yana son hunturu mai sanyi da rana mai kyau lokacin nuna. Italiya, Faransa da Sifen su ke fitar da kusan rabin ruwan inabin duniya. Akwai kuma Kalifoniya a Amurka, Ajantina, Ostireliya, da Afirka ta Kudu, inda aka fara matse shi a 1659.

Wajen 1863 wani ƙwaro ya soma cinye saiwoyin inabin Faransa, gonaki suka bushe. Manoma suka aurar da rassan da saiwar inabin Amurka, yadda muke auren mangwaro, suka rayu. Bari mu tuna da wannan sa'ad da muke karanta Yahaya 15.