Gasar hakaton: inda ƙungiyoyi da yawa ke faɗuwa a bakin gaɓa

Kowace shekara, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana shirya gasar Space Apps, wadda ta fara a 2012. Irin wannan gasa ce masu harkar kwamfuta ke kira hakaton: a ba ƙungiya matsala, a ba ta kwana biyu, ta ƙirƙiro manhaja ko wata dabara da za ta warware ta. A wannan gasar, da ake yi Asabar da Lahadi, ƙungiya ba ta wuce mutum shida, kuma da bayanan da NASA ta buɗe wa kowa ake aiki, kamar hotunan tauraron ɗan'adam da alƙaluman yanayi.

A 2024 an kafa ƙungiyoyi sama da 15,000, amma ayyukan da suka isa hannun masu shirya gasar ba su kai 10,000 ba. Wato kusan kashi ɗaya bisa uku sun yi rajista, wasu ma sun kwana ba barci, amma alƙalai ba su ga komai nasu ba.

Miƙa aikin kansa aiki ne, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Akwai shafin da ƙungiya za ta cike ta bayyana matsalar da ta ɗauka, da yadda maganinta ke aiki, da bayanan NASA da ta yi amfani da su. Sai gajeren nuni, ko dai bidiyo na daƙiƙa 30 ko shafukan gabatarwa da ba su wuce bakwai ba. Daƙiƙa 30 fa! Wanda bai iya faɗin amfanin abin da ya gina cikin wannan lokaci ba, a ganina bai gama fahimtarsa ba tukuna. Sannan a sa mahaɗin da zai kai alƙali ga aikin, sau da yawa a GitHub, shafin ajiye manhajoji, kuma dole ya buɗu ga kowa. Mahaɗin da ke neman izini kafin ya buɗu, da shi da babu duk ɗaya.

Masu rubuta manhaja sukan raina wannan ɓangare, su bar shi sai daren Lahadi, ana dab da rufewa. Alhali gabatarwa tana cikin ma'aunan da ake ba da maki a kansu, tare da tasiri da sabon tunani da ingancin kimiyya. Manhaja mai sauƙi da ke aiki, aka kuma bayyana ta sarai, takan doke gagarumin shiri da ya tsaya rabi.

Ƙungiyoyinmu na nan gida kuma suna da ƙarin dalili, domin ɗauke wuta ko tsinkewar intanet ba sa ɗaga lokacin rufewa. Ku ware mutum ɗaya tun safiyar Asabar ya riƙe shafin da bidiyon, ku miƙa abin da ke hannu tun da rana, sannan ku buɗe kowane mahaɗi da wayar wanda ba ɗan ƙungiyarku ba, ku tabbatar yana buɗuwa.