Kuka: asali da bambancin ƙwayoyin gado

Kuka bishiya ce mai ƙaton gindi da ke fitowa a busassun yankunan Afirka, har da ƙasar Hausa, inda ake miya da ganyenta, a sha garin 'ya'yanta, a kuma tufka igiya da ɓawonta. Sunanta na kimiyya Adansonia digitata. An sa mata shi ne don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal tun daga 1749.

Asali

Dangin kuka nau'i takwas ne. Shida a tsibirin Madagaska kaɗai ake samun su, ɗaya a nahiyar Afirka, ɗaya kuma a arewa maso yammacin Ostireliya. Masana sun daɗe suna saɓani kan inda tushensu yake. A 2024 mujallar Nature ta wallafa binciken da ya kwatanta ƙwayoyin gadon dukkan nau'o'in. Sakamakon ya nuna Madagaska ce mahaifarsu, kuma a can suka fara rarrabuwa kimanin shekaru miliyan 21 da suka wuce. Ana kyautata zaton igiyar ruwan Tekun Indiya ce ta kai 'ya'yan kuka Afirka da Ostireliya, domin ƙoƙonsu yana da tauri, yana kuma iya yawo a kan ruwa.

Bambanci

Kukar Afirka ta sha bamban da sauran danginta. Su rukuni biyu na ƙwayoyin gado suke ɗauke da shi, ita kuwa huɗu. A cikin Afirka ma, itatuwan yamma sun bambanta da na gabas da kudu. Wani bincike na 2009 ya yi hasashen cewa daga Afirka ta Yamma nau'in ya bazu zuwa sauran sassan nahiyar. Manoma su ma suna rarrabe kuka da kuka, ta ɗanɗanon ganye da zaƙin gari ko tsaminsa.

Barazana

Nau'o'i uku na Madagaska suna fuskantar ƙarewa saboda sarar daji da sauyin yanayi. Biyu daga ciki, Adansonia suarezensis da Adansonia grandidieri, bambancin gadonsu kaɗan ne, abin da ke rage musu juriya ga cuta da fari. Don haka masu kare tsirrai ke ba da shawarar a riƙa tara iri daga itatuwa da yawa a yankuna daban-daban, maimakon dogaro da bishiya ɗaya.