Tamburawa: Ƙauyen da ke shan ruwan da ya ratso masana'antun Kano

Duk matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi Zariya, ba zai yi nisa ba zai haye wata gada a kan kogi mai faɗi da yalwar yashi. Nan ne Tamburawa, a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu.

A wannan yanki ne Kogin Challawa ke haɗuwa da Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga madatsar ruwa ta Tiga. Daga nan ruwan ya miƙa zuwa Wudil da Haɗejiya.

Rayuwar mazauna ƙauyen ta dogara ne a kan wannan kogi. Da damina sukan shuka gero da dawa da masara, da rani kuma su koma fadama domin noman tumatir da albasa da sauran kayan lambu.

Akwai masunta, akwai kuma matasan da ke haƙar yashi suna loda wa motocin tifa, waɗanda ke kai shi wuraren gine-gine a cikin birni.

A nan ne kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta yi mulki daga 2003 zuwa 2011, ta gina sabuwar matatar ruwa da aka tsara za ta riƙa samar da lita miliyan 150 a kowace rana.

Inda matsalar take

Sai dai kafin kogin ya iso Tamburawa, yakan bi ta gefen unguwar masana'antu ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso.

Haka kuma dagwalon masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ne ya faɗa cikin wannan kogi.

Da dama daga cikin kamfanonin na jimar fatu ne. Jimar zamani kuwa ta bambanta da ta majema na gargajiya da ke amfani da bagaruwa, domin ana yin ta ne da sinadarin kuromiyam.

Shi wannan sinadari ba ya ruɓewa. Yakan kwanta cikin laka da ƙasar noma, daga nan ya shiga jikin kifi da tsirrai.

Binciken da masana na jami'o'i suka sha gudanarwa ya gano irin waɗannan sinadarai a ruwan kogin, kuma likitoci na gargaɗin cewa taruwarsu a jiki na iya lahanta ƙoda da hanta.

Matsalar takan fi tsanani da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, wato daidai lokacin da manoma suka fi buƙatarsa.

A ɗaya ɓangaren birnin ma haka labarin yake. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi zuwa Jakara, har ya kai madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, kuma ana noman rani a gefensa.

Tsaka mai wuya

Dokar Najeriya ta wajabta wa masana'antu su tace dagwalonsu kafin su sake shi, kuma a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin dokokin muhalli.

To amma tacewar na buƙatar kuɗi da wutar lantarki, abubuwan da ƙarancinsu ya sa masana'antu da dama a Kano suka durƙushe.

Rufe waɗanda suka rage na nufin ƙarin marasa aikin yi. Ƙyale su ba tare da sa ido ba kuma na nufin manomin Tamburawa zai ci gaba da ban ruwa da abin da ya gangaro masa, sannan amfanin gonar ya koma kasuwannin birnin Kano.