Motar Gas Ta Iso, A Kula Da Tukunyarta

Masu ƙera motoci a duniya sun fara juya wa fetur baya. A ƙasar Norwe, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 masu lantarki ne, Habasha kuwa a 2024 ɗin ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur ko dizal. A Najeriya, inda wuta ba ta zama, canjin ya biyo ta wata hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya ke kwaɗaita wa direbobi su juya motocinsu zuwa gas ɗin CNG. Ya fi fetur sauƙin kuɗi, hayaƙinsa bai kai na fetur ba, kuma motar tana riƙe tankinta na mai, sai direba ya danna maɓalli ya koma wanda ya ga dama.

Sai dai akwai abin da ya wajaba kowa ya sani: wannan gas daban yake da na girki. Ana danna shi cikin tukunya da matsi mai ƙarfin gaske, kimanin bar 200 a ma'aunin matsi, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Shi ya sa ake ƙera tukunyarsa da ƙarfe mai kauri, dunƙulalle, babu ɗinkin walda ko ɗaya a jikinta. Tukunyar gas ɗin girki, ko wadda mai walda ya haɗa a bakin titi, ba za ta jure wannan matsi ba, tarwatsewa za ta yi.

An riga an ga hakan. A watan Oktoban 2024, wata mota ta fashe a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo ana cikin ɗura mata, mutane suka ji munanan raunuka. Da aka bincika, sai aka tarar tukunyar haɗin walda ce. Araha dai ba ta ado.

Don haka duk mai son juya motarsa ko adaidaita sahunsa, ya nufi cibiyar da hukuma ta amince da ita, ya kuma karɓi takardar shaidar aikin. Ya duba wuyan tukunyar da idonsa, domin ta gaske tana ɗauke da lambarta da shekarar ƙira da matsin da take ɗauka, duk an buga su a jikin ƙarfen. Ya tabbatar an ɗaure ta tamau a but, ba ta motsi. Idan ta yi tsatsa ko ta lotsa, ko motar ta yi hatsari, a kai ta gwaji kafin a sake ɗura mata.

Lokacin ɗuri, a kashe injin, fasinjoji su sauka. In an ji warin gas ko tsakin iska, a tsaya, a rufe bawul, a buɗe tagogi, kada a kunna ashana ko taba. Kai ma fasinja kana da haƙƙin tambayar direba inda aka yi masa aikin kafin ka shiga da iyalinka.