Tuba, Sulhu da Zalunci: Kalmomin Ɗabi'a a Muhawarar Tsaro ta Arewacin Zamfara

Gabatarwa

A ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, saɓani kan yadda za a magance rikicin 'yan bindiga ya raba shugabanni da malamai da talakawa. Wannan muƙala tana ƙoƙarin nuna cewa ɓangarorin ba su saɓa a kan ɗabi'un da suke girmamawa ba. Duka suna yabon adalci da amana, suna ƙin zalunci. Inda suka rabu shi ne wanda kowace kalma ta dace da shi, da kuma inda ake fara ba da labarin.

Kalma mai bayani da hukunci

A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, ciki har da gaskiya da amana da mutunci da adalci. Irin waɗannan kalmomi su ne masanin falsafa Bernard Williams ya yi bayani a 1985 cewa suna haɗa siffanta aiki da yanke masa hukunci a lokaci guda. Wanda ya ce an ci amana ya faɗi abin da ya faru, ya kuma la'anci wanda ya aikata. Saboda haka zaɓen kalma a fagen siyasa yakan zama zaɓen mataki tun kafin a zauna shawara.

Sunayen ɓangarori

"'Yan bindiga" ya ambaci makami kawai. "Ɓarayin daji" ya mayar da lamarin sata, aikin 'yan sanda da kotu. "'Yan ta'adda" kuwa ya rufe ƙofar tattaunawa, kuma wannan matsayi ya samu ƙarfin doka lokacin da Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ayyana su haka a Nuwamba 2021. A ɗaya gefen, sunan "'yan sa-kai" yana ɗauke da yabo a cikinsa, domin yana nufin waɗanda suka miƙa kansu don kare jama'a, alhali Fulani makiyaya da dama suna zarginsu da kisa ba tare da shari'a ba. A wasiƙar da Bello Turji ya aika wa Sarkin Shinkafi da hukumomi a Disamba 2021, rushe 'yan sa-kai yana cikin sharuɗɗan da ya gindaya. Ya fara labarin ne daga abin da aka yi wa makiyaya. Manomin da aka ƙone rumbunsa yana fara nasa daga daren da aka far wa ƙauyensu. Kowane yana kiran kansa wanda aka zalunta.

Sulhu, afuwa da tuba

Ana yawan musanya waɗannan kalmomi uku, amma kowace tana tsara dangantakar mutane ta hanyarta. Sulhu yana ɗaukar cewa akwai ɓangarori biyu, kowane da haƙƙinsa. Afuwa tana ɗaukar cewa akwai mai laifi da hukumar da ke da ikon yafewa. Ita ce Sheikh Ahmad Gumi ya nema bayan ya shiga dazuzzukan Shinkafi a Fabrairu 2021, yana kafa hujja da wadda gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi wa tsagerun Neja Delta a 2009. Tuba kuwa, a wajen malamai, tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifi, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin mutane. Lokacin da gwamnatin Bello Matawalle, daga 2019, ta riƙa cewa "tubabbun 'yan bindiga", ta aro darajar kalmar addini ta ɗora wa yarjejeniyar siyasa. Masu adawa sun kama ta da sharaɗi na huɗu: ina shanun da aka kora, ina diyyar waɗanda aka kashe? Masu goyon baya suka amsa da cewa tsare jinin da ya rage ya fi gaggawa. Gwamna Dauda Lawal, da ya hau mulki a Mayu 2023, ya ƙi sulhu, ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairu 2024. Sunan askarawa ma zaɓi ne, domin yana nuna rundunar hukuma, saɓanin sa-kai.

Amana da haraji

Idan gari ya tara kuɗi don a bar shi ya yi noma, mutanensa sukan ce sun yi sulhu, 'yan jarida su ce an ɗora musu haraji. Kalmar haraji tuhuma ce ga gwamnati, don mai mulki kaɗai aka sani da karɓarsa. Haka nan tattaunawar da a wani lokaci ake kira sulhu, a wani lokacin ana kiran ta haɗa baki, zargin da a kansa gwamnatin jihar ta tuɓe Sarkin Zurmi a Afrilu 2022. A Yulin 2025 aka ba da labarin kashe fiye da mutum 30 da aka sace daga ƙauyen Banga na Ƙaura Namoda, bayan an biya kuɗin fansa. Irin wannan aiki shi Bahaushe ke kira cin amana, kuma yana raunana hujjar sulhu, domin sulhu bai tsayuwa sai da amana.

Kammalawa

Tarayyar ɓangarorin a kan kalmomi ɗaya tana tsananta gardama, domin kowane yana ganin ɗan'uwansa ya san gaskiya ya take. Amma ita ce kuma take ba da ma'aunin da kowa ya yarda da shi. Mai cewa tuba ana iya tambayarsa haƙƙin da aka mayar, mai cewa adalci ana iya tambayarsa ko ya haɗa da makiyayin da bai ɗauki bindiga ba. Aikin da ke gaban manazarta Hausa shi ne tattara yadda ake amfani da waɗannan kalmomi a huɗubobi da shirye-shiryen rediyo da saƙonnin murya na WhatsApp a yankin, tare da lura da wanda ya furta, da wanda aka nufa, da lokacin da aka furta.